Ƙafar Saif Ta Warke

Asabar, farkon Safar 1420, bayan la'asar

Yau aka sallamo yayana Saif daga mustashfa, wato asibiti. Baba da wani abokin aikinsa suka riƙo shi, ƙafar dama cikin jibs, simintin karaya, daga gwiwa har yatsu, fara fat kamar ba ta mutum ba. Ummi ta tsaya bakin ƙofa tana ta maimaita alhamdulillah alas-salama, ta kasa faɗin wani abu daban. Tun jiya na shirya abin da zan ce masa, har na gwada a gaban madubi. Da ya zo wucewa ta gabana sai na ji bakina ya ce, "Kana son ruwa?" Ko kallona bai yi ba.

Baba ya gaya wa Ummi a hankali cewa suna shigowa layinmu Saif ya kwanta a kujerar baya ya rufe fuska da hannu, bai tashi ba sai da aka rufe get.

Da Hausar boko nake wannan rubutu, don a gidanmu ba mai karanta ta. Su Ummi suna Hausa a baki, amma a takarda sai Larabci. Saif ma ji kawai yake, ya amsa da Larabci. Ni Anti Naja'atu ce ta koya mini, matar Malam Sharfaddeen da ke haya a saman benenmu. 'Yan Gusau ne, shi yana karatu a nan Jami'ar Madina. Da littattafan soyayyarta na koya, waɗanda alhazai ke zuwa da su daga Kano. A irin littattafan nan da yanzu an ce hawaye masu zafi sun wanke wa Sundus kumatu. Ni dai albasa na yanka, kuma ita ma ba ta sa ni kuka ba.

Lahadi, bayan azahar

Na kai wa Saif tire. Na ɗauko tire. Burodin tamis ɗin ko gutsura bai yi ba.

Talata, gab da magariba

Mata sun yi ta zuwa dubiya, da gwangwanin halawa da kwalin lemo. Su zauna su ce salamat, Allah ya tsare gaba, su sha shayi. Daga nan sai su gyara abaya su tsallaka titi zuwa gidan Khala Ikilima, ƙofarta tana kallon tamu, su ce mata Allah ya ba da haƙuri. Matan nan dai, abayar nan dai. A tsakiyar titi suke canza fuska. Wata har dariyarta ba ta gama mutuwa ba ta danna ƙararrawa.

Su biyu, Saif da ɗan Khala, suka tafi Yanbu ranar Alhamis ɗin nan, bayan alhazai sun gama tashi an ba masu lodin kaya na filin jirgi hutu. Wai za su ga teku. Saif ke tuƙi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Ummi ta shiga gidan Khala a kwanakin zaman makoki, sannan ba ta sake ba. Ta ce ba ta san inda za ta ajiye idonta ba. Mutanen da a da ko gishiri ya ƙare sai ta leƙa taga ta kira.

Laraba, da safe kafin motar makaranta

Ban rubuta sunansa ba tukuna. Na lura.

Alhamis, da hantsi

Ba makaranta. Na hau sama wurin Anti don Malam ya duba mini Turanci, ikhtibar, wato jarrabawa, ya matso. Kafin ya zo Madina malamin Turanci ne a sakandare. Yadda muke yi: shi yana majalisa bayan labule, ni da Anti muna falo, in raɗa mata tambaya ita ta ɗaga murya.

"Malam, 'yarka ta ce ba ta gane shafi na kaza ba."

"To ta faɗa da bakinta mana. Ni ba na cizo."

"Wannan? Ai ko kaza ta fi ta surutu. Sai dai ka ba ta littafin Alhaji ya hango budurwa a go-sulo, nan ne ba ta jin kira."

Na ji kamar in nutse cikin kafet.

A darasin akwai labarin wani yaro da ya faɗo daga keke, aka kai shi asibiti, ya warke, kowa ya yi murna. Layi huɗu ya warke. Ban san lokacin da na raɗa wa Anti ba: in ƙashi ya haɗe amma mutumin bai dawo ba fa, nan ma kalmar ce? Anti ta dube ni. Wannan karon ba ta yi wasa ba, ta maimaita yadda na faɗa.

Malam ya ce kalmar da ke littafinmu ta jiki ce, ita ce kuma suke faɗa in mutum ya samo akuyarsa da ta ɓata. Suna da wata ta zaman jinya bayan ciwo, abin da Larabawa ke cewa naƙaha, mu mu ce murmurewa. "Amma akwai wata," ya ce, "da ba za ki same ta a littafinku ba, ko a ƙamus ɗin malamarku. Ni ma a wani ƙaton ƙamus mai juzu'i da yawa na gamu da ita, a laburare, ina neman wani abu daban." Ya jero mini haruffan ɗaya-ɗaya na rubuta: respair.

Ya ce in na san despair, wato yanke ƙauna, to wannan ƙanwarta ce, uwa ɗaya. Asalinsu wata kalmar Latin ce mai nufin sa rai. Ta farkon ita ce a cire wa mutum sa rai. Ta biyun ita ce ya dawo masa bayan ya riga ya tafi.

"Kada ki rubuta ta a ikhtibar," ya ce. "Jan biro za ki sha."

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Baba ya ƙwanƙwasa wa Saif don su tafi Harami, ko a keken guragu ne. Bai buɗe ba. Baba ya daɗe tsaye da turare a hannu, sannan ya tafi shi kaɗai.

Yau ma bai fito ba.

Asabar, bayan la'asar

Hamid.

Litinin, bayan la'asar

Tunda na rubuta, bari in ƙara kaɗan.

Lokacin da aka haifi Saif, Ummi ta yi zazzaɓi mai tsanani, Khala Ikilima ce ta shayar da shi tare da nata jaririn, Hamid. Shi ya sa yake faɗa wa gidanta kai tsaye, ba ta rufe fuska a gabansa, yana ce mata Inna. Wannan ce kalmar Hausa ɗaya da ba ya jin nauyin faɗa a gaban abokansa. Makaranta ɗaya suka yi, aiki ɗaya suka samu, aski ma wuri ɗaya.

Shayarwar ta tsaya a kan Saif shi kaɗai, ba ta shafi ƙannensa ba. Na tambayi ustaza a darasin fiƙihu bara. Na ce wata ƙawata ce take son sani.

Wani lokacin alhazai kan manta kaya a zauren jira, tarkacen da ba mai dawowa nema. A ciki Hamid ya tsinci wani littafi mai hoton fure a bango, na ɗaya da na biyu an ɗinke su tare da zare. Ya ba Saif ya ce, "Kai wa daktorar gidanku, mu ba mu iya karanta Hausar nasara ba." An tsaya daidai inda yarinyar ta ji sallama a zaure ba ta san ko wane ne ba. Ya ce zai riƙa duba mini na uku. Ta bakin Saif ya faɗa. Duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ta bakin Saif ta bi.

Ba wanda ya ce mini Allah ya ba da haƙuri. Don me za a ce? Ni 'yar maƙwabta ce.

Talata, bayan azahar

Tire ya dawo. Ya sha rabin laban, kindirmon Larabawa. Ummi ta ɗaga kofin tana kallo a hasken taga kamar ta ga zinariya.

Alhamis, da hantsi

Na koma sama. Da aka gama darasi na ja hannun rigar Anti, ta ce, "Malam, mun dawo kan kalmar nan taka. Tun ranar take tauna ta kamar ƙaro."

Na so in san su wa suke faɗar ta. Ya ce ba kowa. An same ta a rubuce a wani tsohon littafin tarihi na mutanen arewacin tsibirin Turawa, kusan shekara ɗari shida baya, daga nan sai ɗuf. Ƙamus ɗin ma ya yi mata alamar da ake yi wa kalmomin da suka mutu. Yayarta kuwa tana nan da ranta, kowane ɗan sakandare ya san ta.

"Ka ji Turawa," in ji Anti. "Aka ba su biyu, suka riƙe mai ɗacin suka yar da mai daɗin."

"Ba Turawa kaɗai ba, Naja. Ke da kanki, ciwon kai kike ba ni labari ko ranar da ya tafi?"

"Ai kai ne ciwon kan, ina za ka?"

Ya yi dariya. Ya ce shi a ganinsa yanke ƙauna ana sanin ranar da ya zo, shi ya sa aka riƙe sunansa. Dawowar kuwa a hankali take yi, sai mutum ya waiga ya ga ashe ta daɗe a ɗakin. Ya ce kuma tana zuwa a suna, tana zuwa a aiki: abu ne da ke samun mutum, abu ne kuma da mutum ke yi da kansa.

Da zan sauko Anti ta biyo ni matakala ta riƙe mini kafaɗa. "Sundus, ke kina cin abinci kuwa?" Na ce eh. Ta ce, "Wuyanki bai ce eh ba."

Juma'a, bayan la'asar

Na hau rufin gida shanya. Dutsen Uhudu ya yi ja a cikin zafi. Na faɗi kalmar da ƙarfi sau ɗaya, ba kowa sai tattabarun maƙwabta. Na yi tunanin mutumin da ya rubuta ta, a ƙasar sanyi, da fitilarsa. Me ya same shi da har ya buƙace ta? Ina jin shi ma akwai wanda ya rufe masa ƙofa. Na ƙirƙira masa ƙanwa. Na ba ta dogon gashi.

Ƙofar Khala a rufe. An daina shayar da tsiron raihanin da ke bakin tagarta.

Lahadi, bayan magariba

Baba da Ummi sun yi magana a kicin, ni ina wanke-wanke, sun manta ina da kunne.

Ashe Baba ya yi bakance a barandar mustashfa, ranar da ba a san ko Saif zai farka ba: in ɗansa ya taka ƙasa da ƙafarsa zai yanka rago ya tara mutane. Laraba za a cire jibs. Don haka azumar salama, wato walimar, ranar Alhamis ta sama, 'yan uwa na Makka ma za su zo.

Ummi ta ce, "Abu Saif, ka yanka a raba ɗanye a shiru. Ƙamshin shinkafa ba ya tsayawa a bakin get."

"Na ce zan tara mutane, Allah ya ji ni. Kuma yaron nan sai ya ga maza. In ya zauna cikinsu ya gaisa, aka yi masa addu'a, zai dawo hayyacinsa. Ɗakin nan ne yake cinye shi."

"Ita kuma Ikilima fa?"

Baba ya buɗe firij ya rufe bai ɗauki komai ba.

Laraba, bayan azahar

An cire. Likita ya ce ƙashi ya haɗe tas, sai dai ya riƙa dogara sanda na ɗan lokaci. Baba ya shigo yana ta waya, "Khalas, ya warke, alhamdulillah." Ƙafar ta fito siririya, fata na saɓa. Saif ya ja ta ya shige ɗaki ya murɗa makulli.

Kowa cewa yake ya warke.

Asabar, gab da magariba

Na yi wauta.

Na kai tire, maimakon in ajiye in tafi sai na zauna a ƙasa na jingina da ƙofarsa. Ina jin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana gurnani a ciki. Na ce, "Yaya, in ba ka labari?" Sai na ba shi. Na faɗa masa komai, Latin ɗin, ƙanwa da yaya, ƙasar sanyi, yadda aka same ta a rubuce aka daina. Tunda aka haife ni ban taɓa yi masa magana mai tsawo haka ba. A littafi, da nan ne makulli zai motsa.

Ya yi magana kuwa. Da Larabci, muryar kamar ta wani.

"Kin ce ta mutu?"

Na ce eh, amma...

"To ki bar matattu su huta. Je ki yi karatunki."

Na tashi. Ƙafata ta yi sanyi, na yi ta ɗingishi har ɗakina, ni da ba abin da ya same ni.

Lahadi, da safe

Ba zan ƙara ba.

Litinin, bayan azahar

Ikhtibar na Turanci. Yaron keken ya fito. Na rubuta kalmar da suke so.

Talata, bayan la'asar

An kawo ragon, an ɗaure shi a tsakar gida. Kuka yake ba ƙaƙƙautawa. Duk kukan da ya yi sai Ummi ta dubi bangon da ke wajen titi. Na kai masa ruwa na ce don Allah ya yi shiru, ana ji.

Saif ya turo tiren yau da ƙafa tun kafin in juya.

Laraba, bayan magariba

Anti ta sauko taya mu gyaran shinkafa. Ta raɗa mini cewa Malam yana tambaya wai ɗalibarsa ta daina zuwa. Na ce a gaya masa kalmarsa ba ta aiki. Ta ce, "Da magani ya ce miki ita ce? Suna ne kawai, 'yar nan." Ta ci gaba da tsince tsakuwa.

Alhamis, ana kiran isha'i

Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Tun hantsi masu dafuwa suka kafa tukunya. Kafin azahar duk layin ya ɗauki ƙamshin shinkafar bukhari. Maza suka cika majalisa har tsakar gida, na Makka da na unguwar Bani Harisa da abokan aikin Baba. Mata muna ciki. Aka shimfiɗa sufura ta cin abinci. Baba ya je ƙofar Saif da sabon tob, farar doguwar riga, a hannu, an goge. Ya ƙwanƙwasa a hankali. Ya ƙwanƙwasa da ƙarfi. Ya ce, "Ya waladi, mutane saboda kai suka zo." Daga baya ya ce da Hausa, wadda ba ya yi da Saif sai ransa ya ɓaci, "Kada ka kunyata ni a gidana." Ba motsi. Ya rataye tob ɗin a hannun ƙofa ya koma ya ce wa baƙi jikin ne ya ɗan motsa, bismillah.

Aka zo rabon maƙwabta. Kowane gida a layinmu da tirensa, haka ake yi tun kafin a haife ni. Ummi ta zuba na kowa, saura na Khala. Ta tsaya da ludayi a hannu. Matan Makka suka rabu biyu. Wata ta ce a kai mata naman murnar wanda ya rayu, ai cin fuska ne. Wata ta ce a kai wa kowa a tsallake ta, ita da ta shayar da shi, wannan ne ba za a taɓa mantawa ba. Ummi ta zuba, ta ɗora kafaɗar ragon gaba ɗaya a kai, ta rufe. Ta duba wa za ta aika. Kowa ya sami abin yi da hannunsa.

"Sundus."

Titin nan ko taki goma bai kai ba, amma ban taɓa tafiya mai nisansa ba. Kwalta na ƙona ni ta cikin silifa. Na danna ƙararrawa da gwiwar hannu.

Ita ta buɗe da kanta. Ta rame, hancinta ya ƙara tsawo. Ta dubi tiren, ta dube ni. Duk gaisuwar da aka koya mini ta gudu. Na ce, "Khala, in ji Ummi."

Ta ɗaga murfin. Tururi ya bugi fuskarta.

"Shi ya ci?"

Na girgiza kai.

"Jiya fa?"

Na ce laban kawai yake sha, shi ma ba kullum ba. Na ce tunda ya dawo bai fito ba. Ban san cewa ba wanda ya gaya mata ba. Ashe ita tana can tana cewa lafiyarsa lau, ƙin zuwa gaishe ta ya yi.

Ta mayar da murfin. Ta jawo abaya daga bayan ƙofa ta yafa ko maɓalli ba ta sa ba, ta karɓe tiren daga hannuna ta fita. Na bi ta ina cewa na shiga uku, maido mana za ta yi a gaban mutane. Mazan da ke tsakar gida suka dare, wasu da loma a hannu. Baba ya miƙe. Ummi ta fito daga kicin ta dafa bango.

Ba ta kalli kowa ba. Ta san gidan. Ta wuce har ƙofarsa, ta cire tob ɗin ta miƙa mini, ta daki ƙofar da ƙafa.

"Saifu. Buɗe, hannuna na ƙuna."

Ta ƙara dukan ƙofar.

"Kai, ni za ka rufe wa ƙofa? Ni da na wanke maka kashi? Wallahi ko ka buɗe ko in zauna a nan in faɗa wa mutanen Makka shekarunka nawa kana fitsarin kwance."

Wata a bayana ta yi dariya ta toshe baki. Sai muka ji sanda, ƙwas, ƙwas. Makulli ya juya.

Ban gane shi ba. Gemu ya cika masa fuska, ɗakin na warin rufi. Ya ga ita ce, sandar ta zame, ya tafi ƙasa gaba ɗaya ya kama ƙafafunta. Abin da ke fita daga bakinsa ba magana ba ce. Can na tsinci "Inna, ni ne, ni ne na..." Ta ce, "Yi mini shiru. Ban tambaye ka ba. Ba kuma zan tambaye ka ba, yau ko gobe." Ta ajiye tiren a ƙasa ta zauna dirshan. "Guda ɗaya aka karɓa a wurina. Kai kuma wa ya ce ka ƙara masa da na biyu? Nonon da na ba ka na banza ne?"

Ta yagi nama ta cusa masa a hannu. Yana kuka yana taunawa. Ita ma ta kai loma, ta ce gishiri ya yi yawa, masu dafuwar yanzu ba su iya komai ba.

Na juya zan ja musu ƙofa, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ke ma zauna."

Na ce na ƙoshi.

"Zauna, na ce. Ke da labulen tagarki ke motsi kullum in an taso daga aiki. Kin ɗauka makauniya ce ni?"

Saif bai gane ba, ko kuma ya yi kamar bai gane ba. Na zauna. Ta turo mini shinkafa gabana da gefen hannunta, ta ce a hankali, yadda ake faɗa wa masu gida, "Allah ya ba mu haƙuri."

Na ce amin. Daga nan ban san me ya faru da fuskata ba.

Juma'a, bayan la'asar

Bai je masallaci ba. Amma ya yi wanka, ya bar ƙofar a buɗe kaɗan. Baba ya wuce ta wurin ya fi sau nawa, wai yana neman makullin mota.

Ummi ta tsallaka da flas ɗin shayi. Ta daɗe.

Asabar, da hantsi

Da sassafe Khala ta leƙo taga ta ƙwala kira har layin ya amsa: gas ɗinta ya ƙare, ita ba ta da mai ɗauko mata, ko sai ta aika takarda? Ummi ta ce bari Baba ya dawo. Khala ta ce ba Baba ta kira ba.

Saif ya daɗe a bakin get, hannu a kan ƙarfen. Sannan ya fita.

Yanzu haka yana tsakiyar titi, sanda a hannu ɗaya, yana gangara tukunyar gas da ƙafar mai lafiya. Ta kuɓuce masa ta nufi motar maƙwabci, yana bin ta yana zaginta da Larabci. Khala na bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana cewa ba haka ake yi ba, sakarai, ta gefe ake juya ta.

Na buɗe labulen gaba ɗaya.